Jelar Sari a Kan Igiyar Ƙarfe

A duk gidan hayar nan namu na unguwar Lalbag, mai hawa huɗu da ɗaki sittin, babu matsoraci kamar Vitthal Pednekar. Ba ƙazafi nake masa ba, shi ma da bakinsa yake faɗa. Mutum ne da ba ya tsayawa a bakin ƙofar jirgin ƙasa kamar sauran mazan Bombay, sai ya kutsa can ƙurya ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. In zai tsallaka titi sai ya jira wata tsohuwa ta zo, ya bi bayanta. Karen maƙwabta in ya yi hamma, Vitthal ya canza hanya. Amma shekara goma sha bakwai cur, in ka ga jarumar fim ta faɗo daga kan doki, ko ta diro daga bene, ko mota ta yi sama da ita, to ba ita ba ce. Vitthal ne, cikin sari da gashin kanti.

Jikinsa ne ya ja masa. Gajere ne siriri, ga ƙananan hannuwa da awarwaron mata ke shiga ba tare da an shafa sabulu ba. Tun yana shekara tara, duk bikin fasa tukunya, in maza suka hau kafaɗun juna hawa shida don a kai ga tukunyar nonon da aka rataye a sama, shi ake ɗorawa a ƙarshe saboda ba shi da nauyi. Yana hawa yana kuka, ya fasa tukunya yana kuka, ya sauko yana kuka, mutanen layi kuwa suna cewa kukan murna ne. A irin wannan biki, yana ɗan shekara goma sha tara, Masta Nisar ya gan shi. Masta Nisar shi ne mai tsara faɗa da wasannin haɗari a finafinai, ƙato mai karyayyen hanci. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Kai yaro, wannan ƙugun naka asara ne a ce yana yawo cikin wando.”

Haka Vitthal ya shiga sana'ar kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ke faɗuwa, jaruma ta zo ta kwanta a inda ya faɗi, a yayyafa mata jan ruwa a goshi, a ɗauki fuskarta. Abokan aikinsa suna ce masa Gimbiya, ba ya jin haushi. Abin da ke gabansa shi ne ya koma gida da ƙasusuwansa a jere. Kafin kowane aiki sai ya taɓa igiya da hannunsa, ya auna tazara da ƙafarsa, ya tambayi abu ɗaya sau biyar har a gaji da shi. Waɗanda suka fi shi zuciya da yawa sun koma ƙauyukansu suna ɗingishi, shi kuwa ko yatsa bai taɓa karyawa ba.

Sai zamanin bidiyo ya zo, aiki ya canza. A da, Masta ne ke zama ya ƙirƙiro faɗa daga kansa. Yanzu kuwa darakta ne zai kira ku ofis, ya zura kaset ɗin wani fim na Amurka ko na Hong Kong, ya tsayar a inda ya ga dama, ya nuna da sigari ya ce, “Wannan nake so, sak.” Labari ma haka ake samo shi. Mutanen waje su yi fim ɗinsu na awa ɗaya da rabi, mu mu ɗauko mu ƙara masa uwa mai tari, da waƙa shida, da bawan gida mai ban dariya, ya zama awa uku, a ce sabo ne. Ni ban ga laifi ba, don nasu ɗin sau da yawa lami ne, ba gishiri ba yaji, mutum ya mutu a rasa mai yi masa kuka. Sai dai masu zaman kujera suna kwatanta nasu da namu a baki ne, Vitthal kuwa da wuyansa yake kwatantawa.

Don haka duk kaset ɗin da aka ba shi, sai ya kai shagon Pinto mai hayar bidiyo a bakin layi, wanda injinsa ke iya tafiyar da hoto ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna a kan benci da kofin shayi, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, yana neman inda mutanen waje suka yi wayo. A nan suka yanke hoto, a nan suka sa 'yar tsana, a nan akwai katifa a bayan mota. Sai ya gano wayon nan hankalinsa ke kwanciya, ya iya cin abinci.

A shekarar 1991, bayan damina ta ɗauke, Darakta Chadda ya kira su. Chadda mutum ne mai farin takalmi da zobba a yatsu huɗu, wanda bai taɓa hawa ko tsani ba a rayuwarsa. Ya kunna kaset. Wata 'yar sanda ce ta Hong Kong, mai gajeren gashi, da wando da jaket, yaran bos sun biyo ta saman wani gini. Ta kama wani mariƙi mai ƙaramar tayar ƙarfe da ke kan igiyar ƙarfe, ta sulalo daga sama har ƙasa, ta dira da ƙafafunta.

“Kun gani?” in ji Chadda. “Wannan nake so, sak. Sai dai tamu ba 'yar sanda ba ce, mai rawa ce. Tana gama waƙa za su biyo ta. Waƙar an riga an ɗauka, saboda haka kayan da ke jikinta a waƙa su ne a nan. Jan sari, awarwaro har gwiwar hannu. Kuma ina so jelar sarin nan da ake yafawa a kafaɗa ta tashi sama tana kaɗawa, za mu sa fanka a ƙasa. Su 'yan can ba su san kyau ba, mace kamar direban lori.”

“Ranka ya daɗe,” in ji Vitthal, murya ƙasa-ƙasa, “hawa nawa ne ginin?”

“Biyar. Ko Gimbiya ta tsufa ne, Masta?”

Aka yi dariya, har da Vitthal.

A shagon Pinto ya wuni ranar. Sau arba'in ko fi ya maido wurin, har Pinto ya fara ƙorafin za a cinye masa kan inji. Can ya gani. A hoto uku kacal, inda matar ta wuce gaban wani farin bango, akwai wani siririn layi daga bayan jaket ɗinta zuwa sama. Waya ce. An ɗaure ta da ɗamara a ƙarƙashin jaket, ko ta saki hannu ba za ta faɗi ba. Ya yi ajiyar zuciya, sai kuma zuciyar ta tsinke, don ya tuna rigar da ke ƙarƙashin jan sarin nan. Ya gan ta ranar da aka ɗauki waƙa, duk faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, baya a buɗe, ciki a buɗe. Babu inda za a ɓoye ɗamara.

Washegari ya sami Masta Nisar a wurin mai shayi na bakin situdiyo, ya zayyana masa komai.

“Na sani,” in ji Masta, bai ɗago ba. “Na faɗa wa Chadda. Ya ce kyamara uku za su bi ka daga sama har ƙasa ba yankewa, ba ya son ganin ɗamara ko raga. Hannunka ai ya isa, Vithu. Daƙiƙa tara ce. Ka taɓa sakin abin da ka riƙe?”

“Ba hannun nake ji ba, Masta. Jelar nake ji. Matar can ba ta da abin da ke kaɗawa a jikinta. Ni za a sa min yadi kamu biyu yana tashi, taya tana juyawa a saman kaina. In ya hau igiyar fa?”

Masta ya daɗe yana juya kofi. “Wallahi in na ce maka ban yi wannan tunanin ba na yi ƙarya. Amma ka san garin nan. Ka ce ba za ka iya ba da safe, kafin la'asar an ji a kowane situdiyo cewa Vitthal ya gama yayi. Ba mai sake aiko maka. Shekarunka talatin da shida, wace sana'ar ka iya?”

Babu. Ko shayi mai kyau Vitthal bai iya dafawa ba.

Ana ɗinka wa mai maye gurbin jaruma kaya irin nata sak, saboda haka ya roƙi Babulal, dattijon da ke kula da tufafin fim, ya ba shi nasa sarin ya je gida ya saba da shi. Babulal ya naɗe a takarda ya miƙa masa, yana ja masa kunne kada miya ta ɗiga.

Matarsa Kusum tana zaune a bakin ƙofa tana ɗinkin hannu, don ita ke yi wa matan gidan bakin sari. Tana ganin yadda ya ajiye takalmi ta san akwai magana. Ya ba ta labari yana kallon ƙasa. Ta warware sarin ta auna jelar da hannunta.

“Baban Meena, daraktan nan uwarsa ba ta taɓa aiki a masaƙa ba ko? Innata shekara ashirin tana shiga ɗakin inji, ba ta taɓa shiga ba sai ta soke jelarta a ƙugu. Ta ga abin da inji ya yi wa wata mata, har ta mutu ba ta ba mu labarin duka ba.”

“To ya zan yi?”

“Ka ce ba ka da lafiya.”

“Su ɗaga zuwa wani mako. Ciwon nawa zan yi?”

Ta murza yadin. Sannan ta ɗauko almakashi, kafin ya ce wani abu ta yanke jelar gaba ɗaya, daidai inda take sauka daga kafaɗa. Vitthal ya dafe kai. Ita kuwa ta zaro zare guda daga jikin sarin, siriri kamar gashi, ta mayar da jelar ta haɗa da ɗinki mai nisa-nisa, ta bi layin adon zinariya yadda ido ba zai gani ba.

“Ja mu gani.”

Ya ɗan ja, bai rabu ba. Ya fizga, sai ga jela a hannunsa. Ta sake ɗinkewa kamar na farko.

“Iska ba za ta cire ba,” in ji ta, “amma in ƙarfe ya kama, ya tafi da yadinsa ya bar min mijina.”

Ranar Vitthal ya ci shinkafa da kifi har ya nemi ƙari.

Ranar aikin Laraba ce, a wata tsohuwar masaƙa da aka rufe. Ya isa tun ƙarfe bakwai, ya miƙa wa Babulal sarin a goge masa, ya hau sama ya duba igiya, ya sauko ya duba inda aka ɗaure ta, ya sake hawa. Ya juya tayar da yatsa, ya sa mata mai da kansa. An tara kwalaye a inda zai dira, amma tsakanin ginin da kwalayen nan babu komai sai siminti da tsofaffin ƙarafa. Ba a shirya kyamarori ba sai wajen ƙarfe huɗu. Aka fasa kwakwa don neman sa'a kamar yadda aka saba, aka raba.

Babulal ya hau da shi har sama don ya ɗaura masa sarin a can, yana haki yana tsine wa matakala. Ya sa masa gashi, ya zura masa awarwaro, ya ɗaura sarin ya soke da fil. Jelar kuwa sai da ya zagaya wuyan Vitthal da ita sau ɗaya kafin ya sake ta baya, don kada iska ta yaye a ga ƙirjin namiji. Ya ja da baya yana kallon aikinsa.

“Gimbiya, yau ka ci bashin godiya. Ina guga na ga jelar nan saura ƙiris ta rabu, ban san wane maƙiyin Allah ya yi wannan ɗinkin ba. Da ta cire a sama ai da mun sha kunya ni da kai. Na hau keke na bi maka ita layi uku, da zaren roba. Yanzu ko giwa ta ja ba za ta yage ba.”

Ya dafa kafaɗarsa, ya juya ya fara sauka.

Vitthal ya kai hannu bayan wuyansa. Ya ji su, layi uku, masu tauri kamar bakin buhu. Dattijon nan ƙaunarsa yake yi, shekara goma yana ajiye masa takalmin da ba ya santsi, garin neman gira ne ya jawo masa rasa ido. Ya buɗe baki zai kira shi, sai lasifika ta ɗauka daga ƙasa.

“Rana tana tafiya! Me ake jira a sama? Kunna fanka!”

Ya tsaya a bakin ginin. Mutanen ƙasa sun zama ƙanana, har da 'yan kallo da suka hau katanga. Ya kama mariƙin. Da ya ji “Akshin!”, wata dabara ta faɗo masa, ya juya kai ya cafke jelar da haƙora, ya saki ƙafa.

Daƙiƙa tara. Ya faɗa cikin kwalaye, yadi cike da bakinsa, da ransa. 'Yan kallo suka ɗau tafi. Ya kwanta a wurin yana jin wani daɗi da bai taɓa ji ba, har hawaye na gangara cikin kunnensa.

“Kot! Kot! Ina jelar?” Chadda ya taho yana jifa da hula. “Na ce tuta nake so, ka ba ni akuya tana cin tsumma! Masta, wannan ne gwanin naka? A sake! Minti goma ya rage mana!”

Vitthal ya dubi Masta Nisar. Masta ya dubi takalminsa.

“Masta, a ba ni reza. Minti ɗaya kawai.”

“Wace reza kuma?” in ji Chadda. “Gemu za ka aske? Hau!”

Hawa biyar, matakala tamanin da wani abu. Yana hawa yana janyo ɗinkin zuwa bakinsa yana cizo. Zaren roba ne, haƙori yana zamewa. A hawa na uku ya tsinke guda biyu ko uku, dasashinsa ya fara jini. A hawa na huɗu ya tsaya ya jingina da bango, ya ce a ransa, sauka zan yi, in cire kayan nan in tafi gida, in ya so in yi dako a kasuwar kifi. Ya ma juya. Sai ya hango ta taga mutum ɗari da wani abu duk sun ɗaga kai suna jira, ya ji tsoron saukar ya fi tsoron hawan. Abin haushi ke nan da matsoraci, ba mutuwa kaɗai yake tsoro ba, har da idon mutane.

Da ya fito sama, iskar teku ta la'asar ta taso, tana bugun bayansa. Ya ji ta a wuyansa, ya san abin da take nufi.

“Akshin!”

Ya saki ƙafa. Jelar ta tashi, ja wur, ta buɗe a sama yadda Chadda yake so. Da ya iso saitin fankar, iskar ƙasa ta ɗaga ta, ta teku ta turo ta gaba, ta kwanta a kan igiyar. Ya ga lokacin da tayar ta hau kanta.

Tayar ta tsaya cak, jikinsa bai tsaya ba. Ya yi gaba, yadin ya fizgo wuyansa baya. Hannun hagu ya kuɓuce, awarwaro suka farfashe suka yanke shi. Ya rage hannu ɗaya da wuya, hawa uku daga ƙasa. Ya nemi numfashi babu. Ya kai hannun hagun yana yaƙushin yadin, yana jiran ɗinkin ya saki, ƙafafunsa suna harbin iska. Ɗinkin Babulal bai saki ba.

A wurin ɗaukar fim, ba mai motsi sai darakta ya ce kot. Doka ce da ta shiga jinin kowa, daga mai kyamara har mai riƙe fitila. Mutum ɗari suna tsaye suna kallo, kyamara uku suna juyawa, Chadda ya buɗe baki ya manta da shi a buɗe. Kusum daga baya ta tambayi kowa, aka ce daƙiƙa ashirin ne, wasu suka ce talatin. Masta Nisar ne ya karya dokar. Ya ruga ta gaban kyamara yana zagin uwar kowa, shi da mutum huɗu suka sassauta igiyar daga ƙasa, suka sauko da shi a hankali. Har suka kai gare shi hannun damansa yana kan mariƙin, sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ya rayu. Wata biyu a asibiti, wuya cikin ƙarfe. Maƙogwaron ne ya murƙushe, likitoci suka ce muryar ba za ta dawo ba, kuma ba ta dawo ba. In zai yi magana sai ka kawo kunnenka kusa da bakinsa. Babulal ya zo dubiya sau ɗaya, Kusum ta faɗa masa abin da ɗinkin nan yake, dattijon ya zauna a ƙasan asibiti ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Vitthal bai taɓa riƙe shi a zuciya ba.

Chadda kuwa bai zubar da hoton ba. Ya yanke inda Masta ya shigo, ya sake rubuta labarin, ya ɗauki fuskar jaruma tana kakari a situdiyo, ya sa jarumi ya zo ya cece ta. Fim ya yi mako ashirin da biyar a silima. A shagon Pinto, inda Vitthal ya koma zama yana mayar da kaset baya yana goge su, samari suna zuwa su karɓi na Hong Kong da namu tare, su dawo suna gardama. Kusan duka sun yarda a wurin nan namu ya fi. “Waccan sulalowa kawai ta yi kamar kaya,” in ji su, “tamu kuwa sai ka rantse da gaske shaƙewa take.” Vitthal yana jin su, yana goge kaset. Har yanzu ba ya sa riga mai maɓallin wuya, kuma in Kusum ta shanya sari a baranda, sai ya bi ta ɗaya matakalar.

Bayan shekara uku, wata Lahadi da hantsi, wani baƙo ya hau har ɗakinsu. Siriri ne gajere, mai kimanin shekara talatin, da kwalin alewa a hannu da kaset a hammata. Ya ce sunansa Murugesan, daga Madras, jirgin ƙasa na kwana biyu ya hau. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar Vitthal. Vitthal ya dubi hannuwan baƙon, ƙanana, ya gane sana'arsa tun bai faɗa ba.

“Yaya, a can za a yi fim ɗinku da harshenmu. Darakta ya ba ni kaset ya ce sak yake so. Ranar Juma'a za a ɗauka. Na kalli wurin nan ya fi sau ɗari, hoto ɗaya bayan ɗaya, na rasa inda kuka ɓoye wayar. Don girman iyayenka ka nuna min.”

Vitthal ya yafito shi. Mutumin ya kawo kunne.

“Babu waya.”

Murugesan ya yi murmushi. “To ɗamara ce a ƙarƙashin sari?”

“Babu komai. Haɗari ne. Kada ka hau.”

“Haba Yaya. Haɗari, kyamara uku suna ɗauka, ba wanda ya motsa? Ni ma ɗan sana'a ne.”

Kusum ta ajiye ɗinkinta. “Ɗan'uwa, ba ka ji muryarsa ba? Kana tsammani haka aka haife shi?”

Baƙon ya dubi Kusum, ya dubi Vitthal, fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya gyara kaset a hammata. “An faɗa min mutanen Bombay ba sa sakin sirrin sana'a. Na ce a'a, wanda ya san zafin faɗuwa ba zai hana ɗan'uwansa ba. 'Ya'yana biyu, Yaya. Ba komai, zan gano da kaina.”

Ya fita. Vitthal ya tashi ya bi shi baranda, ya ga har ya kai hawa na biyu. Ya kama ƙarfen baranda ya buɗe baki iyakar ƙarfinsa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, abin da ya fito bai wuce hucin tulu ba. Kusum ta fito tana ƙwala kira, amma rediyon maƙwabta da hayaniyar masu ɗibar ruwa sun danne ta, ko kuma mutumin ya ji ya ƙi waiwaye.

Vitthal ya sauka da gudu ba takalmi. A bakin titi ya hango shi a ɗaya hannun, yana shirin shiga bas. Motoci suna wucewa ba tsayawa. Bai jira kowa ba, ya faɗa cikinsu yana ɗaga hannu, ana taka birki ana zaginsa. Kafin ya kai tsakiyar titi bas ɗin ta tashi, ya tsaya a wurin yana ta buɗe baki, direbobi suna kewaye shi suna wucewa.